Ɗan Sikelin Cikin Adakar Kaka

TAMBAYA: Malam, a adakar kakanmu na tsinci wani ɗan sikelin tagulla, bai fi tafin hannu ba, da ƙananan duwatsun awo a cikin akwatin katako. Me ake aunawa da shi? Daga wani mai karatu, unguwar Jahun, Bauchi.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Abin da ka kwatanta ma'aunin zinariya da azurfa ne, irin na fatake. A da, darajar tsabar kuɗi tana cikin nauyinta. Maha'inta kan kankare gefenta ko su yi jabu, shi ya sa ɗan kasuwa ba ya karɓa sai ya ɗora a faranti ɗaya, ya sa dutse a ɗayan. Fam ɗin zinariya na Ingila da aka fara bugawa a 1817 ya kusa giram 8. Tsabar azurfa mai hoton Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780, wadda ta zaga ƙasar Hausa, wajen giram 28 ce. Garin zinariya kuwa da miskali ake awonsa, giram 4 da ɗoriya.

Ka kai duwatsun wurin mai sayar da gwal a auna maka, nauyinsu zai nuna aikinsu.

Don Allah kada ka goge shi da toka ko lemon tsami. Na taɓa yi wa na mahaifina haka, tambarin maƙerin da ke jikin sandar ya shafe, har yau abin na ci mini rai. Busasshen ƙyalle ya isa, kuma kada ka raba duwatsun da akwatinsu.