An sallami Mama tun safe, magani sai yamma

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu aka kwantar a wani asibitin gwamnati nan Legas saboda hawan jini da suga, ranar sallama tun zagayen safe likita yace Mama yau sai gida, muka naɗe tabarma muka haɗa filas da kwanuka, amma wallahi magani bai zo hannunmu ba sai bayan la'asar, ga gosulo har Agege da tsohuwa a mota. Yayana yace nan gaba tafiya kawai zamu yi mu saya a kemis. Dan Allah wulaƙanci ne ko haka abin yake? Daga ƙanwarki a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Yawanci ba da gangan bane, tsarin ne da jan ƙafa. Babban likita da baki yake sallama ya wuce gado na gaba, ƙaramin likitan dake biye dashi shi zai rubuta takardar sallama da ta magani, kuma ba zai samu zama ba sai an gama zagaye kaf. Daga nan fayil ya tafi wajen lissafi, a biya, a kawo rasit, sannan famasi, in kuma kuna kan inshorar lafiya irin NHIA ko Ilera Eko wani lokacin sai an jira sun amince tukun. Wani jiran kam sakaci ne, fayil na ajiye kan tebur ba mai ɗauka, wannan ba zan kare su ba.

Amma maganar Yaya ban yarda da ita ba sam. Mai hawan jini da suga sau da yawa a kwance ake canza mata magani, a rage wannan a tsayar da wancan gwargwadon abinda gwajin ƙoda ya nuna, to in kuka koma gida da tsohon kwali kuka ce wa mai kemis bamu irin wannan, sai ta koma kan wanda aka tsayar, suga na iya faɗuwa cikin dare. Irin wannan kuskuren ma'aikacin famasin asibiti yake dubawa kafin ya miƙo leda.

Nan gaba tun da daddare ki tambayi nas ko gobe za a sallame ku, kuɗi su zama a hannu don POS na iya cewa ba netwok. Ku rabu biyu, ɗaya ya zauna da Mama ɗaya ya bi fayil ƙafa da ƙafa kafin nas-nas su canza aiki da rana. In famasi suka ce babu, a baku takarda ku saya a famasi mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki dawo ki nuna wa nas. Magungunan gida ma ki zo dasu a ware miki wanda za a daina, kuma kar ku fita sai an rubuta ranar dawowa ganin likita a kati.