Tambaya da Amsa: In ba su su ɗana, ko in hana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, ina da keken lantarki mai taya ɗaya, InMotion V8, da shi nake fita shan iska Kornish, wato titin bakin teku, bayan Isha'i. Duk inda na tsaya sai mutane su yi mini caa, Larabawa da namu, kowa na cewa "ya akhi, bari in ɗana." Hanawa tana yi mini nauyi, balle in ɗan gida ne ya roƙe ni da Hausa. Yaya zan yi? Daga mai karatu a Hindawiya, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A kan Kornish dai, ka hana. "Ma'alish (yi haƙuri), sai da koyo" ta ishe ka, ka haɗa da murmushi.

Na'urar da ke cikin keken gaba da baya kawai take daidaitawa: ka sunkuya ya tafi, ka jingina baya ya ci birki. Hagu da dama aikin ƙugu ne da sawu, kuma yawanci sai an kwana biyu ana fama kafin jiki ya gane. Iya babur ko keke ba ya taimakawa a nan. Baƙo zai ɗora ƙafa ɗaya, keken ya kwanto ya daki ƙwaurinsa. Ya ɗora ta biyu, ya tsorata, ya dire. Direwar nan ce abin tsoro, don shi ya tsira, keken kuwa yana ci gaba da tafiya ba kowa a kai, sai ya karkata wajen digiri 45 sannan injin ya yanke. V8 ɗinka ya kusa kilo 14, fedojinsa ƙarfe ne, a daidai tsayin idon sawu. Manya irin Veteran Sherman kuwa kilo 35 ne. To ka tuna yadda Kornish yake da dare, iyalai sun shimfiɗa darduma, yara na guje-guje. In ya bugi ɗan wani, mai keke za a riƙe, wanda ya ɗana ya daɗe da sulalewa.

In kuma wanda ba ka iya hana wa ne, ku tafi filin ajiye motoci da ba kowa, inda akwai bango ko ƙarfen dafawa. Ka guji tayil mai jiƙa da inda rairayi ya kwanta a kan kwalta. Buɗe manhajar wayarka ka sauke iyakar gudu daga kilomita 30 zuwa mafi ƙanƙantar da ta yarda. Batir ya haura rabi, saboda in caji ya yi ƙasa injin ba ya samun ƙarfin tare mutumin da ya afka gaba da nauyinsa gaba ɗaya, sai fuska a ƙasa. Kamfanin ya ce kilo 120 ne iyaka, amma mai jiki sosai gara a ba shi haƙuri.

Sai tufafi, wanda a ƙasar nan shi ne babba. Doguwar jallabiya ko abaya tana iya shiga tsakanin taya da murfi. Ya tattare ta ya ɗaure a ƙugu, in ba wando a ciki a fasa. Silifa ma haka, sai kambas. Hular kwano da makarin wuyan hannu dole ne, don wuyan hannu ne ke fara karyewa a irin wannan faɗuwar.

Ɗaura igiya kamar mita ɗaya da rabi a mariƙin keken, ka riƙe ta da kanka, saku-saku. Amma duba da kyau: a ƙarƙashin mariƙin V8 akwai maɓallin da ke kashe injin idan za a ɗauke shi. Igiya ta danne shi, keken ya saki mutum nan take. Ka ɗaura ta gefe. Kuma kada ka bar kowa ya ɗaga shi ta feda yana kunne, tayar za ta yi ta juyawa da gudun tsiya a sama, a sauke ta fizge.

Ya dafa bango ya hau, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido a gaba. Ya yi ta lilo gaba da baya na minti biyu. Sannan ya dafa kafaɗarka ku taka mita 10 zuwa 20. A nan ake tsayawa, ko ya ce ya gane. Yaro kuwa sai mahaifinsa na tsaye. Lambar motar asibiti 997, ka ajiye ta a kai.

TAMBAYA: Wani ya kayar mini da nawa keken, ƙirar King Song ne. Murfi kawai ya kurje, in ci gaba da hawa? Daga mai karatu a Riyad.

AMSA: Tukuna, ɗan'uwa. Kashe shi ka juya tayar da hannu, ka saurari ko tana gugar wani abu. Girgiza shi ka ji ko wani ƙusa na kai-kawo a ciki. Duba bakin iska da maƙalin feda ko sun lanƙwashe. Kunna shi, in fedojin sun ɗan zube gaba ko baya, sake saita ma'auninsa ta manhaja. In ka ji wari daga wajen batir, ko gefen ya ɗumama alhali yana kashe, kada ka sa caji. Fitar da shi waje cikin inuwa, nesa da ɗaki da mota, ka kai wa mai gyara.