Tawada na taruwa a bayan sikirin: hita zan ƙara ko tawada zan sauya?

Tambaya: Ina buga zane a riguna da injin hannu mai kai shida, da tawadar filastisol. Na karɓi aikin baƙaƙen riguna 300, zanen mai launi huɗu ne: fari, rawaya, ja da shuɗi. Duk bayan riga ashirin sai na tsaya na goge bayan sikirin saboda tawada ta taru, gefen zane ya dame, launi ya dusashe. Wani ya ce in sayi hita ta biyu ta busar da tawada tsakanin launuka, wani ya ce in sauya kamfanin tawada. Ina ya kamata in sa kuɗina?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Bisa abin da ka bayyana, tawadar da kake saukewa a kan riga ta yi yawa, kuma jerin launukanka na buƙatar gyara. Duka biyun ba sa cin jari mai yawa.

Fara da lissafin asarar. Tsayawa duk riga ashirin a aikin riga 300 tsayawa 15 ke nan. In kowace ta ci minti uku, minti 45 sun tafi a banza, ban da rigunan da suka lalace kafin ka lura, waɗanda daga ribarka za ka biya su. Da wannan za ka auna duk abin da aka ce ka saya.

Abin da ke faruwa shi ne, filastisol ba ta bushewa da iska, sai da zafi. In ka buga rawaya ka bi da ja ba tare da busarwa a tsakani ba, bayan sikirin ɗin ja zai taka ɗanyar rawaya ya ɗebi kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ba laifi ba ne. A 'yan rigunan farko yakan shafu siriri, sannan ya tsaya haka. Matsala ita ce in yana ta kauri har ya zama dunƙule, yana cire launi daga riga yana mayar da shi inda bai dace ba.

Duba ragarka. Da yawa suna buga duk launuka da raga mai lamba 110 (yawan zare a kowane inci, ƙaramar lamba na nufin manyan ƙofofi) domin ta fi sauƙin ja, alhali ita ce ke zubar da tawada da kauri. Farar shimfiɗar ƙasa, wato farin da ake fara bugawa a ƙarƙashin sauran launuka, ka yi ta da 156 zuwa 200, launukan sama kuma da 230 ko sama da haka. Tawadar da ta kwanta siririya ba ta da rarar da sikirin na gaba zai kwasa. Sannan ragar ta kasance a ɗame, wajen niyuton 25 a ma'aunin ɗamewar raga in kana da shi. Sakakkiyar raga takan manne da riga bayan robar jan tawada ta wuce, ta ɗago a hankali tana jan tawada. Ka sa ido ka gani da kanka: in ka ja roba, ya kamata ragar ta rabu da riga nan take a bayan bakin robar. In sai ka ɗaga firam ka ji ta ɓalle da ƙara, to tazarar da ke tsakanin raga da riga ta yi kaɗan. Mai da ita milimita 1.5 zuwa 3, kuma daidai a kusurwoyi huɗu.

Hannu ma na da nasa laifin. Danna roba da ƙarfi na tura tawada ta bazu a ƙarƙashin raga, ta wuce iyakar zane. Roba mai lambar tauri 70 da kaifin baki, ja ɗaya mai sauri, ta fi ja biyu da dakusasshiya. Ka kuma gauraya tawadar sosai kafin ka zuba, don filastisol na sakin jiki in an juya ta. In har yanzu tana da danƙo, ƙara mata sinadarin sassautawa na kamfanin da ya yi ta, gwargwadon abin da ya rubuta a jikin gwangwani.

Inda na fi zargi shi ne busar da farin ƙasa. Ba dafa shi ake so a yi ba, a kama samansa kawai, wajen digiri 105 zuwa 120 na Salshiyas. Cikakkiyar dahuwa a wajen digiri 160 sai a ƙarshe. Taɓa shi da yatsa: kada ya biyo hannunka. Amma fari mai zafi yana da yauƙi ko da ya kama, kuma in ka sauke sikirin a kansa a haka, zafin zai fara daskarar da tawadar da ke bayan ragar. Irin wannan taruwar ce ke da wuyar gogewa. Bar riga ta huce na juyi ɗaya kafin launi na gaba, ko ka kafa ƙaramar fanka a wurin. Katakon da ake shimfiɗa riga yana ƙara zafi yayin da aiki ke nisa, don haka daƙiƙun busarwa da suka yi daidai da safe za su yi yawa bayan awa guda. Rage su.

Game da jeri, ƙa'ida biyu ake haɗawa: daga mai haske zuwa mai duhu, kuma daga ƙaramin fili zuwa babba. In sun yi karo, ni na fi ba girman fili muhimmanci, domin launin da aka buga da wuri duk sikirin da ya biyo baya sai ya taka shi. A naka aikin, fari, busarwa, hucewa, sannan rawaya, ja, shuɗi. In rawaya ce ta mamaye zanen kuma ba ta taɓa ja, kai ta ƙarshe. In akwai farin da ake so ya fito fes, ba shi sikirin na biyar a ƙarshe tunda kana da kai shida, maimakon ka kaurara na ƙasa. Wajen raba launuka a kwamfuta, a rage faɗin farin ƙasa da rabin maki zuwa maki ɗaya (point, ma'aunin kaurin layi a manhajar zane), kuma kada launukan sama su hau juna sosai, don wurin hawan ne ke fara damewa.

Feshin silikon a bayan raga yana taimakawa na ɗan lokaci, amma bai cire dalilin ba.

Gwada waɗannan a kan tsofaffin riguna, ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta riga nawa ka buga kafin ka goge. Hita ta biyu za ta biya kanta ne in yawancin ayyukanka manyan filaye ne masu haɗuwa a kan baƙin yadi, inda dole a busar sau biyu. In irin wannan aikin jefi-jefi yake zuwa, yi amfani da hitar da kake da ita ka zagaya sau biyu, sannan ka sa kuɗin ƙarin busarwa da na kowane sikirin a farashin tun kafin ka karɓi aikin.