Tambaya da Amsa: Me Ke Kai Mutum Wata Ƙasa Don Ya Raka Baƙi a Kan Doki?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Tun ina yaro nake kula da dawakin gidanmu, kuma kowace Sallah da ni ake hawa. Kwanan baya na ga bidiyon wata Bajamushiya da ta bar ƙasarsu ta koma Aislan, aikinta kawai ta raka 'yan yawon buɗe ido kilisa. Me zai sa mutum ya bar Jamus don wannan? Akwai kuɗi ne a ciki? Kuma irina zai iya samu? Daga mai son doki, Zariya.

Amsa: Ƙanena, bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Ba kuɗi ne ke kai su ba, doki ne. Kai da ka buɗe ido ka ga ingarma a turke ba za ka gane tsadar wannan dabba a biranen Turai ba. Can sai ka biya hayar barga duk wata, ka biya likita, ka biya mai gyaran kofato, sannan ka samu ka hau awa ɗaya ko biyu bayan an tashi daga aiki. To yarinyar da ta taso da son doki, aka ce mata ga gonar da za ta wuni a kan sirdi, a ba ta ɗaki da abinci har da ɗan albashi, ai ba ta tsayawa dogon lissafi.

Aislan ɗin da ka ambata, wani tsibiri a can arewacin Turai, ita ce misali mafi kyau. Mutanen ƙasar ba su kai 400,000 ba, amma a 2018 baƙi kimanin miliyan 2.3 ne suka shiga. Hannun 'yan ƙasa ba zai isa ba, musamman daga Yuni zuwa Agusta lokacin da yini ke da tsawo sosai. Shi ya sa gonakin dawaki ke cike da matasa, akasari 'yan mata, daga Jamus da Suwidin da Denmak. Suna jin Turanci, suna jin harshen baƙin, kuma da yawansu sun san irin dokin Aislan tun daga gida, domin Jamus ce ta fi kowace ƙasa yawan wannan irin bayan Aislan kanta.

Shi kuwa dokin, in ka gan shi za ka ce kuru ne: gajere, mai kauri, ga gashi buzu-buzu. Amma yana da wata tafiya da suke kira tölt, mai sauri ba tare da girgiza mahayi ba, ta yadda wanda bai taɓa hawa ba zai zauna lafiya. Wannan tafiyar ce jarin sana'ar. Tun da mazauna farko suka kawo shi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ba a gauraya shi da wani iri ba. Doka ta hana shigo da doki, wanda kuma aka fitar ba ya komawa har abada. Hatta tsohon sirdi ko linzami ba a yarda ka shiga da shi ba, saboda tsoron cuta. Ba tsoron banza ba ne, don a 2010 wani tari ya bazu cikin dawakin ƙasar har aka ɗage babbar gasarsu ta Landsmót.

Abin da ya fi jan hankalin masu zuwa shi ne doguwar tafiya ta kwanaki a tsaunukan tsakiyar ƙasar, irin hanyar Kjölur da ta ratsa tsakanin manyan duwatsun ƙanƙara biyu. Ana tafiya ne da garken dawaki sakakku, wasu mahaya a gaba, wasu a baya, garken na gudu a tsakiya. In doki ya gaji sai a kama wani a mayar masa da sirdin. Mai rakiya na gaba dole ya hana garken wuce shi, na baya kuma ya hana su watsewa, ga kogin da za a tsallaka ruwansa kamar ƙanƙara. Wanda ya ɗanɗana wannan, zaman ofis sai ya gagare shi.

Sai dai bidiyo ba ya nuna asuba. Kafin baƙi su tashi an kamo dawaki, an share su, an duba kofato, an ɗaure sirdi goma sha. Daga nan aikin ya koma na mutane: wannan ya ce shi gwani ne alhali ko riƙe linzami bai iya ba, waccan tana kuka a bakin gangare, kai kuma fuskarka a sake. A ganina rabin sana'ar haƙuri da ɗan Adam ne, kuma nan ne gwanayen sukuwa da yawa ke faɗuwa. Akwai kuma masu gonar da ke fakewa da sunan aikin sa kai su biya ma'aikaci da tuwo da makwanci kawai, abin da ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar suka daɗe suna yaƙa.

A Afirka ma akwai irin wannan sana'a ta rakiyar baƙi, a Okavango ta Botswana da Masai Mara ta Kenya, inda ake kallon namun daji daga kan doki.

Batun ko za ka samu kuwa, shingen takarda ne ba na gwaninta ba. Aislan tana cikin yarjejeniyar tattalin arzikin Turai tun 1994, wadda ta ba 'yan ƙasashen da ke cikinta damar yin aiki a ƙasashen juna, don haka Bajamushiya jakarta kawai za ta ɗauka. Kai sai mai gona ya nema maka izinin aiki, ya kuma nuna bai samu ɗan yankin da zai yi ba, abin da ke da wuya a sana'ar da 'yan Turai ke rububi. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi zai sama maka wannan aikin, riƙe aljihunka.

In har da gaske kake, gyara Turancinka, ka koyi taimakon gaggawa, ka kuma saba da hawan sassauta linzami, domin dawakin haya ba a yi musu zamiya irin ta gaban fada. Sannan ka duba kusa da kai. A Disambar 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kuma baƙin da ke zuwa kallo da yawansu za su so wanda zai ɗora su a kan doki mai sanyin hali ya zaga da su. Fara da goɗiya ɗaya mai natsuwa da hular kwano biyu.