Amsa ga 'yar da ta yi tambaya kan zazzaɓin mahaifinta bayan an zuba masa BCG

Assalamu alaikum. 'Yata, ke da kika rubuto cewa an kankare wa Baba ƙari a mafitsara, an fara zuba masa BCG, wato rigakafin tarin fuka, ta roba, kuma duk ranar da aka zuba sai zazzaɓi da zafin fitsari har da ɗigon jini. Kina tambaya me ya haɗa rigakafin tarin fuka da ciwon daji, kuma ko ku dakatar ku koma na gargajiya. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, domin ni ma an zuba mini ruwan nan, na san zafin da yake faɗa miki, na kuma san wanda yake ɓoye miki saboda kunya.

Kada ku dakatar da kanku, kada kuma ku nufi kemis. Wannan na fara faɗa ko da ba za ki karanta sauran ba.

Ruwan da ake zuba masa ba shi ne ke kashe ciwon ba. Ƙwayar cuta ce mai rai, dangin ta tarin fukan shanu, wadda wasu Faransawa biyu, Calmette da Guérin, suka raunana, aka fara ba jarirai a 1921. Ita ce dai wadda ta bar miki tabo a dantse. Shi ciwon daji matsalarsa ɗan gida ne, daga naman jikin mutum ya fito, shi ya sa ƙwayoyin garkuwar jiki ke wuce shi ba su tanka ba. Kamar ɓarawon da 'yan sintirin unguwa suka san uwarsa suka san ubansa ne. Sai an ga baƙuwar fuska a lungun an yi ihu kowa ya fito da gora, a cikin wannan hargitsi ne ake damƙe na gidan ma. BCG ita ce baƙuwar fuskar. Tana manne wa bangon mafitsara, ƙwayoyin bangon da na ciwon su haɗiye ta, nan da 'yan awoyi fararen ƙwayoyin jini su cika wurin.

To idan sun zo, ba cizo suke yi ba, abubuwa suke fesarwa. Na dami likitana da tambaya har sai da ya zana mini a bayan takarda. Akwai waɗanda ake kira nutrofil, su ke fara isowa, suna sakin wani sinadari mai suna TRAIL da ke taɓa ƙwayar ciwon ya sa ta kashe kanta. Akwai manya masu haɗiya, makrofej, suna fitar da wani sinadari mai suna TNF da wata iska mai guba ga ƙwayar ciwon. Sai ƙwayoyin T da na NK, su ma fararen ƙwayoyin jini ne, su kuma matsowa suke yi jikin ƙwayar ciwon su zuba mata ferforin ya huda fatarta, sannan giranzaim ya bi ta hudar ya wargaza ta daga ciki. Akwai kuma intaferon gama, wanda ke tilasta wa ƙwayar ciwon ta fito da alamarta fili yadda za a gane ta, da intalukin na 2 mai sa ƙwayoyin T su hayayyafa. Waɗannan abubuwa har a fitsarin majinyaci ana auna su bayan an zuba maganin. Kuma irinsu ne, TNF da intalukin na 1 da na 6, ke isa ƙwaƙwalwa su ɗaga zafin jiki, su kawo kasala da ciwon gaɓoɓi. Kin ga ke nan zazzaɓin yini ɗaya ko biyu da zafin fitsarin, jikin Baba ne ke aiki. Shi kansa TNF ɗin a jikin ɓerayen da aka sa wa BCG aka gano shi a Niyok ta Amurka a 1975, aka ɗebi ruwan jininsu aka sa wa wasu ɓerayen masu ƙari, ƙarin ya ruɓe. Shekara ɗaya bayan haka, 1976, wani likita a Kanada mai suna Alvaro Morales ya bayyana sakamakon zuba ta a mafitsarar mutane, mako-mako har sau shida, kuma har yau tsarin nasa ake bi. Ba gwaji ake yi da Baba ba, kamar yadda na san wasu 'yan uwa za su ce miki.

Shi ya sa nake jin tsoron kemis. Kina zuwa za a ce maleriya ce da taifot, a ƙulla miki haɗi a leda, a ciki akwai deksa ko firedinisolon. Waɗannan aikinsu kwantar da ƙwayoyin garkuwar ne, su hana su fesar da abin da aka kashe kuɗi don su fesar, alhali ga ƙwayar cuta mai rai a jikin mutum. Sifiro ma, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, da danginta suna iya kashe BCG ɗin kanta, don haka sai likitan da ke zubawa ne zai ce a sha ko kada a sha. Farasitamol dai shi aka yarje mini.

Amma fa akwai iyaka, kuma a nan ne na kusa tafiya.

Wata rana na je a zuba mini, likitana ba ya nan, wani ma'aikaci ne a wurin yana ta sauri, wayarsa maƙale a kunne. Robar ta ƙi shiga. Maimakon ya dakata sai ya danna da ƙarfi. Na ji abu ya tsage mini, na ce masa malam akwai matsala, na ga jini a bakin robar da idona. Ya ce, "Baba ka cika raki, kowa haka yake yi." Ya zuba abinsa ya cire safar hannu ya fita. Wallahi ko kallon fuskata bai yi ba. Daga baya ne likitana ya ce mini doka ce sananniya: idan roba ta ji wa mutum ciwo, ko ana ganin jini a fitsari, ko akwai cutar mafitsara, ba a zubawa, ɗagawa ake yi, domin ƙwayar za ta samu ƙofar shiga jini. Wanda aikinsa ke nan kullum a ce bai sani ba? Ya sani. Sauri yake yi. Bayan isha'i sanyi ya kama ni, haƙorana na haɗuwa har maiɗakina na jin ƙararsu daga tsakar gida. An lulluɓa mini bargo da darduma da duk abin da hannu ya kai, gadon na rawa. Na kasa gane ɗana, ina kiransa da sunan ƙanina da ya rasu. Maiɗakina ta zauna tana mini kalmar shahada a kunne. Ba don maƙwabcinmu mai mota ya fito cikin daren nan ba, da wani labarin ake yi. Na yi watanni ina shan maganin tarin fuka, fitsarina ja kamar manja saboda rifamfisin, abinci ba ya shiga, aka kuma dakatar da BCG ɗin gaba ɗaya a lokacin da nake tsananin buƙatarta. Da na warware na koma na same shi a wurin yana raha da abokan aikinsa. Bai gane ni ba ma. Mutane na ce mini in yafe, na ce na bar shi da Allah, amma har gobe idan na ga mai irin tafiyarsa sai gabana ya faɗi. Raki! Mutum da furfurarsa.

Don haka ki sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada. Idan zafin ya wuce 38.5 ya kuma haura kwana biyu, ko ya kai 39.5, ko ya zo da karkarwa da ruɗewa ko numfashi sama-sama, ko tari, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko marainansa suka kumbura, ku tafi asibiti a daren, ku ce musu an zuba masa BCG. Ki faɗi wannan da bakinki, kada ki jira a tambaye ki. Kuma a samu namiji, wanki ko ƙaninki, ya riƙa shiga da shi. In an ga jini ya ce a dakata, ko za a kira shi marar kunya.

Ya rage shan ruwa kafin a zuba don ya iya riƙe maganin awa biyu, bayan nan kuma ya sha sosai. A zaune zai yi fitsari, a zuba bilic a masai a bar shi kamar minti 15 kafin a kora, a yi ta haka tsawon awa shida, a kuma ware masa butarsa a ranar saboda jikoki. Akwai maganar iyali ma, wannan ba taki ba ce, ki ce likita ya yi masa ita su biyu.

Yana shan taba? In yana sha ku yi duk dabarar da za ku yi, ita ce kan gaba wajen kawo wannan ciwo. Mu kuma da muka tashi muna wanka a kududdufi, tsargiya ta yi mana illa, muna yara har alfahari ake yi da fitsarin jini. Don Allah duk mai yaro da ke fitsarin jini ya kai shi a ba shi firazikwantel, maganin tsargiya. Ciwon da tsargiya ke jawowa galibi wani iri ne daban, yakan nutsa cikin naman mafitsara, kuma BCG ba ta aiki sai ga wanda bai nutsa ba. Tunda aka zaɓa wa Baba ita, alama ce an tari nasa da wuri, ku gode wa Allah.

Idan ya gama shidan nan kada ku ɗauka an sallame ku. Za a riƙa leƙa mafitsarar da kyamara, da farko duk wata uku, wataƙila a ƙara masa wasu zubin, domin ciwon nan yana son dawowa. Maganin kuma yakan yi wuyar samu, ku fara nema da wuri, kuma a cikin sanyi ake ajiye shi, kada a kawo muku shi a aljihu.

Ki gaishe mini da Baba, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ce. In zafin ya tashi yau da dare ki auna, ki rubuta lokacin da adadin a takarda ki tafi wa likita da ita.