Kada ki sayi manhaja tukuna: amsa ga ɗalibar da ke koyon karanta hoton asibiti

Ƙanwata, kin ce kina aji huɗu a makarantar likitanci, an fara kai ku sashen hoto, amma duk hoton ƙirjin da aka ɗora miki iri ɗaya kike ganinsa, kina tambaya wace manhaja za ki saya. Riƙe kuɗinki. Na daɗe ina zama da ɗalibai gaban waɗannan hotuna, kuma manhajoji da shafukan kyauta sun ishe ki.

Ki fara da Radiopaedia, shafin da wani likitan hoto a Ostireliya, Frank Gaillard, ya kafa a 2005. Za a ba ki shekarun majinyaci da abin da ya kawo shi, sai hoton, kina jan yatsa kina bin CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, kamar yadda muke yi a kwamfutar asibiti. A nan ne ɗalibai ke yaudarar kansu: su yi saurin buɗe amsa, su ga inda aka nuna, su ce "ai dama na gani." Ba su gani ba. Ki rubuta abin da idonki ya nuna miki a takarda, ki faɗi cutar da kike zargi, sannan ki buɗe. Hoto biyar a haka ya fi hamsin na leƙe.

Ki kuma bi tsari guda kullum wajen karanta hoton ƙirji na X-ray. Da farko, ta ina aka ɗauka? Idan ta baya ne, majinyaci na tsaye, faɗin zuciya bai kamata ya wuce rabin faɗin ƙirji ba. Na kwance a gado kuwa, wanda aka ɗauka ta gaba, zuciyarsa kan fito da girma alhali lafiyarta lau. Sai hanyar iska, huhu, zuciya, ƙasusuwa, da wuraren da cuta ke ɓuya: saman huhu, bayan zuciya, da ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Kin samu abu ɗaya, kada ki tsaya. Na biyun ne ke wuce mutane.

Inda shafuka irin Radiopaedia suka gaza shi ne sun fi tara abin mamaki. Ki roƙi manyanki a sashe su nuna miki hotunan masu lafiya da yawa, don wanda bai san lafiyayye ba, komai cuta ne a wurinsa. Sannan ki nemo namu na gida da gangan: kogon tarin fuka a saman huhu, da mutuwar kan ƙashin cinya a masu sikila.

Anki, manhajar katunan bita, na da amfani wajen haddar sunayen sassan jiki, kina rufe sunan a hoto kina cankawa. Kyauta ce a Android, ana biya a iPhone. Sai dai takan sa ki haddace hoton maimakon cutar.

Idan kina da kwamfuta, sauke Weasis ko MicroDicom, masu buɗe ainihin fayil ɗin DICOM, wato tsarin da injinan asibiti ke adana hoto da shi. A nan za ki sauya haske ki ga huhu daban, ƙashi daban a yanka guda, abin da hoton waya da aka turo ta WhatsApp ba zai ba ki ba. Amma fa fayil ɗin yana ɗauke da sunan majinyaci da lambarsa a cikinsa, ko da ba ki gani a fuskar hoton ba. Ki nemi izini, a goge su, kafin ya shiga kwamfutarki ko zauren 'yan ajinku.