Zagaya gabar arewacin Sikotland da motar kwana a tsakiyar hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a Aberdeen, ban cika shekara da zuwa ba. Ni da abokaina biyu muna son mu yi hayar irin motar nan mai gado da murhu a ciki, mu zagaya hanyar North Coast 500 a hutun ƙarshen Disamba, tunda lokacin kuɗin haya ya fi sauƙi. Kwana huɗu gare mu. Wani abokinmu ya ce sanyi zai hallaka mu, wani ya ce ba komai. Lasin tuƙina na Najeriya ne. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tafiyar tana yiwuwa, ana yin ta kowane hunturu. Sai dai ba a kwana huɗu ba, kuma abin da abokinku ya tsorata ku da shi ba shi ne babba ba. Duhu da iska su ne masu iko da wannan tafiya, sanyi bayansu yake.

Mu fara da lissafi. Hanyar, wadda aka ƙaddamar a 2015 don jawo baƙi zuwa arewacin ƙasar, mil 516 ce, kimanin kilomita 830, daga Inverness take tashi kuma nan take ƙarewa. A takarda kusan zuwa Abuja ne daga Kano a komo. To amma a ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a can sai wajen ƙarfe tara na safe, da uku da rabi na yamma kuwa ta faɗi. Awa shida da rabi ke nan, in ma hadari ya bari an ga hasken. A ciki za ku yi azahar da la'asar, waɗanda ke zuwa a jere ba tazara, ku ci abinci, ku sha mai, ku tsaya kallon abin da ya kawo ku. Abin da ya rage wa tuƙi bai wuce awa huɗu ba. A ɓangaren yamma kuwa, wanda ya ci mil talatin a awa da babbar mota ya yi ƙoƙari. Ƙara da cewa daga Aberdeen zuwa Inverness ma fiye da mil ɗari ne, zuwa da dawowa sun cinye muku yini guda. Ka ga ashe sauran tafiyar a duhu za ku yi ta, ku biya kuɗi ku wuce duwatsun Torridon da Assynt ba ku gan su ba.

Tuƙin dare a can ba abin wasa ba ne. Babu fitilun titi, babu shinge a wurare da yawa, manyan bareyi na sauko daga tsaunuka su tsallaka hanya da magariba da asuba, tumaki kuma na kwanciya abinsu a kan kwalta.

Maganar sanyi: ruwan ɗumi da ke kwararowa ta Tekun Atlantika yana rage wa bakin teku kaifinsa, shi ya sa lambun Inverewe kusa da Poolewe ke raya tsirran ƙasashe masu ɗumi. Galibin ranakun hunturu a gaɓar ma'aunin zafi na ɗan sama da sifiri. Cikin ƙasa ne abin ke tsanani. A ƙauyen Altnaharra da ke tsakiyar yankin Sutherland an auna digiri 27.2 ƙasa da sifiri ranar 30 ga Disamba 1995, kuma ba a taɓa auna wanda ya fi shi a Birtaniya ba. Don haka ku riƙa kwana kusa da teku. Amma wannan sanyi mai shawagi kusa da sifiri yana da nasa sharrin: ruwa ya jiƙa hanya da yamma, ya daskare da dare, da safe a sami siririyar ƙanƙara a kan kwalta wadda ido ba ya gani. Manyan hanyoyi irin A9 da A835 su ake fara zuba wa gishiri, ƙananan sai daga baya, wani lokaci sai rana ta yi nisa. Kada ku yi sammako. Ku bari gari ya waye sosai.

Iska ita na fi jin tsoro ga mai irin wannan mota, domin doguwa ce, gefenta na da faɗi, iska na samun wurin duka, musamman a kan gada kamar ta Kylesku ko a buɗaɗɗen filin da ke tsakanin Durness da Tongue. Hukumar hasashen yanayi ta Met Office tana fitar da gargaɗi hawa uku: rawaya, ruwan goro, ja. In rawaya ne, ku rage tafiyar ranar. In ya kai ruwan goro, ku nemi wuri mai kariya ku ajiye mota, ku dafa shayi. Wannan ne dalilin da ya sa duk mai tsara wannan zagaye a hunturu yake ware kwanan da ba zai motsa ba.

Wurare biyu zan ce ku cire su daga shirin tun yanzu. Na farko Bealach na Bà, hanyar da ke hawa tsauni zuwa Applecross. Tana tashi daga bakin teku ta kai mita 626 cikin 'yan miloli, da kwanoni masu kaifi, kuma a gindinta akwai allon da ke gargaɗin sababbin direbobi da masu manyan motoci, yana kuma faɗa cewa takan toshe a hunturu. Akwai wata hanyar ta bakin teku daga Shieldaig ga wanda ya matsu ya ga Applecross. Na biyu B869, mai bi ta Drumbeg a arewacin Lochinver: matsattsiya ce, hawa da gangara ba gani. A wuce ta A837 da A894.

Sauran hanyoyin yamma da arewa ma da yawansu layi ɗaya ne, mota ɗaya ke bi, da wuraren kaucewa jefi-jefi. Ƙa'idar mai sauƙi ce, amma baƙi na yawan ɓata ta. In wurin kaucewar na hagunka ne, ka shiga. In na damanka ne, ka tsaya daidai da shi a hannunka, mai zuwa shi zai shiga. In mota ta biyo ka a baya, ka kauce ta wuce, don wataƙila ma'aikaciyar jinya ce za ta duba mara lafiya. Ba a yin fakin a wuraren nan don ɗaukar hoto. Kuma wanda bai iya ja da baya da doguwar mota ba, ya koya kafin ya bar Inverness.

Yanzu motar kanta. Kafin ku biya, ku tambayi kamfanin wane irin na'urar ɗumama ɗaki ke ciki. Mai amfani da dizal daga tankin motar ta fi kwanciyar hankali. In gas ce, ku tabbata furofen ne, wanda a Birtaniya aka saba zuba shi a jan tulu. Butan, na shuɗin tulu, yana daina zama tururi idan sanyi ya kai wajen sifiri, sai murhu ya mutu daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ku tambaya ko akwai na'urar da ke ƙara in gubar hayaƙi ta taru, ku gwada ta a gabansu. Ina roƙonku da Allah, kada wani ya kunna murhun girki ko gawayi don ɗumama ciki ya rufe tagogi ya kwanta. Gubar ba ta da wari, mutum cikin barci yake tafiya. Ku bar ƙofar iska a buɗe ko da ana sanyi. Ita ce ma ke rage raɓar da numfashin mutum uku ke tarawa a jikin gilashi da bargo. Batirin ɗakin ba zai samu komai daga faifan sola a Disamba ba, sai dai tuƙi ko jona wuta a sansanin kwanan motoci. Dokar Birtaniya ba ta tilasta tayoyin hunturu ba, saboda haka kada ku ɗauka an sa muku, ku tambaya.

Wurin kwana shi ne inda ake yawan ruɗa baƙi. Za ku ji ana cewa a Sikotland kowa na da 'yancin yada zango inda ya ga dama. Dokar filaye ta 2003 ta ba da wannan dama ga mai tafiya a ƙasa da tantinsa, ba ta haɗa da mota ba. Galibin sansanonin kwana kuma suna rufewa daga wajen Oktoba har bazara, don haka sai an bugo waya an tabbatar da waɗanda ke buɗe, tare da inda ake zubar da ruwan bayan gida na motar. Mutanen ƙauyukan sun gaji da masu zubar da shi a bakin hanya, kuma suna da gaskiya. Filayen nan da za ku gani fayau ba mutane, ba haka suke tun asali ba: a kwarin Strathnaver, a 1814 da 1819, an tashi iyalai daga gonakinsu aka ba tumaki wurin. Jikokin waɗanda aka turo bakin teku suna cikin masu zaune a can yau.

Da ni ne mai kwana huɗun nan, rabi zan ɗauka. Ko dai ku bi A9 sannan A99 ta gabas zuwa Wick, ku ga tsayayyun duwatsun teku na Duncansby kusa da John o' Groats, ku je Dunnet Head, ƙarshen arewacin babban tsibirin Birtaniya, ku kwana wajen Thurso, inda dare mara hadari kan nuna hasken nan mai launi na sararin arewa. Ko kuma ku bi A835 zuwa Ullapool ku mai da shi masauki, kuna fita da rana zuwa Lochinver da Kylesku kuna dawowa kafin magariba. Fadar Dunrobin a rufe take a hunturu, haka kwale-kwalen da ke kai mutane Cape Wrath. Cikakken zagayen ku ajiye shi zuwa ƙarshen Maris, lokacin da yini ya kai awa goma sha biyu, ƙananan ƙudajen nan masu cizo kuma ba su fito ba tukuna.

Lasinka na Najeriya yana aiki wata goma sha biyu daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye da na Birtaniya. Kamfanonin haya na da nasu sharuɗɗan kan shekarun direba da lasin waje, sai ka samu amincewarsu a rubuce kafin ka tura kuɗi. Naman halal ku saya a Aberdeen ko Inverness, inda akwai masallaci. Mai kuma ku cika tanki duk inda kuka samu a yamma, kada ku jira ya yi rabi. Layin waya na ɗaukewa a wurare da dama, don haka ku sauke taswira a wayoyinku tun daga gida, kowannenku kuma ya tura kalmar register zuwa 999, lambar agajin gaggawa ta ƙasar, ya bi umarnin da zai zo masa, domin ya iya neman agaji ta saƙon tes inda kira ya ƙi shiga.